Ludayi Biyu a Marjandafak

Da sunan Allah, mai ciyar da tsuntsu a sarari da tsutsa a cikin dutse, nake buɗe wannan labari. Ni ne Isiyaku, maɗinkin manyan riguna, haifaffen birnin Zazzau. Ba zan tsaya bayanin yadda na bar gida ba. Abin da ya isa a sani shi ne, keken ɗinki ya kashe wa aikin hannu kasuwa, mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunan mazansu, ni kuwa na sami labarin cewa a Injamena ta ƙasar Chadi har yanzu akwai masu ganin darajar rigar da aka shafe wata uku ana suka da allura. Ina da shekara hamsin da 'yan kai sa'ad da na tsinci kaina a Gamborun Ngala, da jaka ɗaya da ƙunshin zaren tsamiya.

Damina ce. Tsakanin Gamboru da Kusiri ƙasar baƙa ce, in ta sha ruwa takan riƙe ƙafar mota yadda danƙo ke riƙe ƙuda. Tafiyar yini guda ta ɗauke mu kwana uku, rabinta mu ne muka ɗauki motar, ba ita ta ɗauke mu ba. A Kusiri wani mutum mai farar riga da tattausan harshe ya tare ni da Hausa tsantsa, yana ce mini Baba Malam. Ya ce in aka ga tsamiya a hannun baƙo a bakin gadar shiga Injamena ƙwacewa ake yi, amma shi ɗan gari ne, zai haye mini da ita saboda Allah. Ya kuwa cika alkawari: a tsallaken kogi ya miƙo mini ƙunshina da ɗaurinsa yadda na ba shi, har ya roƙe ni addu'a, na yi masa. Sai da na isa cikin gari na kwance, na tarar da tsummoki da igiyar rama. Asarar zaren ba ta ƙona mini rai kamar addu'ar nan da na yi masa da zuciya ɗaya ba.

Haka na shiga unguwar Marjandafak, hannu biyu babu komai sai allurai a aljihu. A masallacin da ke kusa da kasuwa wani ya ji ina tambayar hanya da Hausa, ya kai ni ƙofar Alhaji Ɗahiru, mai sayar da yadi. Kakansa Bakano ne da ya fito da niyyar zuwa Makka a ƙasa. Matarsa ta haihu a nan, ya ce zai jira arba'in, ya shekara arba'in. Hausar Alhaji ta sha Larabcin Chadi har ta canza kama, amma da ya ji daga inda na fito sai ya tafa hannu.

«Bazazzagi! Yau Allah ya kawo mini bawana har gida. Ina tsarabata?»

Na ce, «Bakano, ubangijinka ne ya zo duba yadda ka lalace a ƙasar mutane. Tsarabarka kuwa wani ɗan'uwanka ya riga ka karɓa a Kusiri.»

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ba ni ɗaki a zaure, ya ba ni shadda da zare, ya ce in nuna masa abin da Zagezagi suka iya ban da taƙama. Da na gama masa rigar aska takwas ta farko, ya sa ta ranar Juma'a, tun daga nan ban sake rasa aiki ba.

Sai in faɗi al'adar gidan, domin a kanta labarin nan ya rataya. Kakan Alhaji, da ya ɗanɗani yunwar hanya, ya bar wasiyya cewa baƙo ba ya ɗauke hannu daga abinci a gidansa sai mai gida ya gaji da roƙonsa ya ƙara. Kowace rana bayan azahar ana ciyayya a zaure: mu bakwai ne, da maƙwabta, kowa a fito da na gidansa a haɗa. Tuwon gero suke ci, suna kiransa esh, da miyar busasshiyar kuɓewa da ƙyafaffen nama. Bayan nan sai jan shayi mai sukari kamar zuma. Alhaji ba ya ci sai yana tura nama gabana yana maimaita akul, wato ci a Larabcinsu: «Akul, Malam, akul! Ci mana, ba Zariya kake ba.» Da farko na yi kewar daddawar gida da miyar kuka har nakan yi mafarkinsu, amma ciki ba shi da amana, cikin shekara guda ya manta.

A shekara ta tara da zuwana, lokacin da wayar hannu ta fara yawa a gari, cikina ya soma ƙin abinci. In ci kaɗan in ji kamar na haɗiyi dutse. Na ɓoye wata shida, ina shan saiwoyi, har ranar da na yi aman jini a gaban jama'a. Alhaji ya ɗauke ni zuwa asibiti, wanda mutanen can suke kira labtan. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon daji ne a tumbi, amma Allah ya sa bai yaɗu ba. Suka yi mini aiki, suka yanke kashi biyu cikin uku na tumbina, suka haɗa ragowar da hanji. Ni da na shekara arba'in ina ɗinke tufafin mutane, yau ga ni an ɗinke ni, kuma in faɗi gaskiya, ɗinkin bai kai nawa kyau ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Madam Marta, Kirista ce 'yar kudancin ƙasar, tana zaune a unguwar Mursal. Ita ta fara ba ni ruwa da cokali, kana kunu mai ruwa-ruwa, kana dafaffen ƙwai. Ranar da za a sallame ni ta zauna a bakin gado ta yi mini bayani da Larabcin kasuwa, wanda a lokacin na riga na iya.

«Baba, wuƙa ta gama nata aikin, saura na baki. Tumbinka yanzu bai fi kofin shayi biyu ba. Za ka ci sau shida a yini, ludayi biyu kowane ci, ka tauna har ya zama ruwa. Ƙwai, kifi, nama mai laushi, tunkuzar gyaɗa a kunu, kindirmo. Kada ka sha ruwa a kan abinci, sai bayan rabin sa'a. Sukari kuwa ka yi ban kwana da shi. In ka ci ka ɗan kishingiɗa. Duk wata ka zo a yi maka allurar ƙarin jini. Shiya-shiya, Baba, kaɗan-kaɗan. Waɗanda na gani sun tafi bayan irin wannan aiki, da yawa ba ciwon ne ya koma musu ba, rama ce ta cinye su.»

Na ce na ji. Amma a raina na ce, wannan yarinya ba ta san da wanda take magana ba. Ci sau shida! A garinmu wanda ke ciye-ciye tsakanin abinci da abinci yaro ne, ko makwaɗaici. Dattijo ya ci na rana, ya ci na dare, ya kame bakinsa. Ban gaya wa Alhaji ko kalma ɗaya daga cikin maganarta ba.

Da na koma gida sai masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da abin da ya san yana mayar da jini: wannan fura da zuma, wancan dabino, wani madara mai sukari a cikin tulu. Kowa kuma sai ya ga na sha a gabansa kafin ransa ya kwanta. Ta yaya zan mayar da hannun mutumin da ya taso tun daga unguwar Lamaji mai nisa cikin rana saboda ni? Nakan sha in yi godiya. Kafin ya kai bakin titi zufa ta karyo mini, zuciya na bugawa kamar ana daka, ɗaki na juyawa, sai zawo. In share fuska in jira na gaba.

Bayan mako biyu na koma ciyayya. Alhaji ya yanka rago saboda murna. Ya yi ta tura mini tsoka, ni kuwa ina haɗiya domin kada in kunyata shi a gaban maƙwabta, na bi da shayi kofi biyu. Da na yunƙura zan tashi sai na ji ƙasa ta taso ta same ni. Na farfaɗo kaina a cinyar Alhaji, rawanina a cikin miya, ana yi mini fifita.

Kunyar wannan rana ta fi mini zafin wuƙa. Sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko: na ce daga yau a kawo mini abincina ɗaki. A wannan gida kuwa, wanda ya janye daga ciyayya gaba yake yi. Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ba wasa a fuskarsa.

«Malam, in wani ya ɓata maka a gidan nan ka faɗa mini. In ni ne, ka yafe.»

«Babu komai, Alhaji.»

«Babu komai shi ke raba zumunci.»

Ya tafi ransa a ɓace, na bar shi ya tafi. Aka riƙa kawo kwano, ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa sa hannu a abinci ni kaɗai ba. In buɗe, in dube shi, ya dube ni, in rufe. Wata guda a haka, zoben azurfa da ke yatsana ya zame da kansa, wuyana ya zama kamar na gauraka. Akwai rigar da na fara kafin ciwo, na ɗauko, hannuna ya kasa riƙe allura. A ranar na san lalle mutuwa nake yi, ba kuwa ta ciwo ba.

Ranar allurata ta wuce ban je ba. Sai ga Madam Marta ranar Lahadi, bayan ta taso daga coci, ta hawo babur tun daga Mursal da ɗan kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Ta iske mutanen ciyayya a zaure, ta leƙa ɗakina, ta fito ta tsaya a kansu.

«Wane ne mai gidan nan? Kai ne? Mun ba ku mutum da rai, me kuka yi masa?»

Alhaji ya miƙe. «Madam, wallahi rago na yanka masa! Shi ne ya ƙi mu.»

«Rago! Da ka ɗauko bindiga ai ya fi sauri.»

Nan ta zayyana musu duk abin da ta gaya mini a labtan, ina ji daga ɗaki kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta gama, Alhaji ya shigo ya tsaya a kaina.

«Ashe tun ran nan ka sani?»

Na sunkuyar da kai.

«Kai, Zagezagi! Ka gwammace in kashe ka da hannuna da ka ce mini ka ƙoshi? In kai ka ga mutuwa da mutunci, ni me zan gaya wa Allah?»

Na ce, «Alhaji, ba na iya ci sau shida kamar ɗan yaye. Ba na kuma iya ci ni kaɗai.»

«To wa ya ce kai kaɗai za ka ci? Mu nawa ne a zauren nan?»

A nan take suka raba ni a tsakaninsu. Mutum shida, ci shida: ɗaya bayan asuba, ɗaya da hantsi, sauran bayan azahar, la'asar, magariba da lisha. Kowa a lokacinsa zai zo da ɗan ƙaramin kwano daga gidansa, ya zauna mu sa hannu tare. Madam Marta ta aika cikin gida aka kawo ludayi, ta nuna musu iyaka, ta kuma kafa doka: ba mai cewa akul. Ta kwance ƙyallenta, ashe dafaffen giwan ruwa ne daga kogin Shari, ta cire masa ƙaya. Alhaji ya wanke hannu ya zauna gabana. Na ga leɓensa na motsi, kalmar na son fita, yana danne ta kamar mai danne atishawa. Dariya ta kama ni har ɗinkina ya yi zafi, kuma a cikin dariyar nan na cinye rabona.

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya. Matan unguwa, waɗanda ban taɓa ganin fuskokinsu ba, suka shiga gasa: wata kunun gyaɗa ba sukari, wata ƙwai da ɗan man shanu, wata naman da aka dafa har ya saki aka kirɓa. Wani lokaci ciki ya karɓa, wani lokaci ya ƙi, mu sake dabara. Madarar shanu ɗanya ba ta taɓa zama mini lafiya ba, kindirmo kuwa ya zauna. Shayi nakan sha shi tsura, rabin kofi, bayan abinci ya kwanta, har aka sa masa suna shayin Malam. Na koma kan rigata, ina yin kamu ɗaya a yini.

Sai watan azumi ya kama.

Likita ya ce kada in kuskura. Limamin unguwa ya zo da kansa ya ce wanda ya wajabta azumi shi ya ɗauke wa marar lafiya, in ciyar kawai. Duk na san wannan, na karanta tun ina saurayi. Amma tun da na balaga ban sha azumi ko ɗaya ba. Ga shi kuma abokan cina duka shida bakinsu a rufe yake daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Alhaji ya ce zai riƙa zama kusa da ni ina ci, na ce ban yarda in tauna abinci a gaban mai azumi ba. Aka koma ajiye mini kwano a bakin ƙofa. Rana ta farko na mayar da shi yadda ya zo, ta biyu ma haka. Da magariba kuma ba ni da wurin da zan zuba abin da na rasa da rana. A rana ta uku zare ya ƙi shiga kafar allura, idona na ganin biyu-biyu.

Da hantsin ranar Alhaji ya leƙo, fuskarsa da alamar mamaki.

«Iya na kiranka.»

«A gaishe ta. Me ta ce?»

«Cewa ta yi ka shigo ciki.»

Iya ita ce mahaifiyarsa, ta haura shekara tamanin. Shekara tara ina gidan, muryarta kawai na sani, ta bayan katanga muke gaisawa, ƙafata ba ta taɓa wuce zaure na biyu ba. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce, «To ka fita ka gaya mata da kanka, ni ban isa ba.»

Aka sanar da matan gida suka shige ɗakuna. Na bi shi kaina a ƙasa har gindin wata bishiyar darbejiya. Ga ta zaune a kan buzu, 'yar ƙanƙanuwa kamar an naɗe zane, idanunta sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta.

«Kai ne Bazazzagin da ke dawo mini da kwano? Ni nake sa a dama kunun nan, ni ake kawo wa shi ya huce. Ɗahiru, tafi kasuwarka, ba da kai nake ba.»

Alhaji, mai jikoki, ya juya sumum ya fita.

Na ce, «Iya, a gafarce ni. Watan ne mai nauyi.»

«Ni za ka gaya wa nauyinsa? Na yi azumi sittin da wani abu kafin jiki ya ce ya gaji. Shekara bakwai ke nan ina ci da rana a watan nan, a bayan ƙyaure, ni kaɗai kamar ɓarauniya. Jikokina in sun gan ni sai su kau da kai, wai kada in ji kunya. Ka san abin da ke wuce mini a maƙogwaro? Babu. Bana da aka ce akwai wani a zaure da Allah ya sauke wa, na ce alhamdu lillahi, na sami abokin ci. Ashe mai girman kai ne, ya fi son ya ba Allah abin da bai tambaye shi ba.»

Ta laluba ta jawo wani ɗan kwano, ta buɗe. Kunun gyaɗa ne da ƙwai a ciki, da ludayi biyu ƙanana.

«Matso, ɗana. Ni ba haƙori, kai ba tumbi. In aka haɗa mu wataƙila a sami mutum guda.»

Ta miƙo ludayi wajen da take jin numfashina, kunun na shirin zuba a buzu. Ba don yunwa na karɓa ba. Tsohuwa ce ta miƙo, ba a barin hannunta a sama. Na yi bisimilla, rana tsaka, cikin watan azumi, na sha. Hawaye na zuba mini, na gode Allah da ba ta gani.

«Kuka kake yi?»

«A'a, Iya.»

«Ƙarya kake, na ji hancinka. Sha, kada ya huce.»

Haka muka yi sauran watan, sau uku kowace rana a gindin darbejiya, ragowar ukun kuma tare da mutanen zaure bayan an sha ruwa da lokacin sahur. Ta ba ni labarin surukinta mai niyyar Makka, da yadda garin yake sa'ad da ba a haye kogi sai da kwalekwale. Ni kuma na ba ta labarin ganuwar Zazzau, ta ce duk ƙarya ce, ba ta kai ta Kano ba, alhali ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Bayan salla da kwana uku Alhaji ya raka ni labtan karɓar allura. Madam Marta ta ɗora ni a ma'auni, ta duba, ta sauke ni, ta sake ɗora ni.

«Baba, duk garin nan kowa ya rame a watan nan, kai kaɗai ka ƙaru. Me suke ba ka?»

Alhaji ya ce, «Madam, bar shi. Uwata ya ƙwace mini. Shekara hamsin da biyar ina ɗanta, ba ta taɓa cire mini ƙayar kifi ba.»

Da muka koma gida na wuce ciki kai tsaye, na durƙusa na ba Iya labari. Ta saurara, ta gyaɗa kai.

«To, madalla. Ni wa zai auna ni? Ni ma zanen nan ya fara matse ni.» Ta laluba gefenta. «An kira la'asar tun ɗazu, ka tsaya surutu. Wanke hannunka.»

Na wanke. Na shekara shida a Injamena bayan wannan, na ɗinka riguna da dama, kafin na komo Zazzau da ƙafata, inda nake rubuta wannan. Iya ta ga watan azumi uku tare da ni, kana ta amsa kira. Allah ya shayar da ita daga abin da ba ya ƙarewa, ya kuma sa kada ta ci ita kaɗai.